Haske a Ƙarƙashin Bakan Gizo: Tarihin Haskaka Soro a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soron fada da tsakar rana, a Kano ko Zariya ko Katsina, ya san abin da yakan faru da idonsa. Da ya tsallake dokin ƙofa sai ya tsaya cik, domin babu abin da yake gani sai duhu. Bayan ɗan lokaci, idan ido ya huce, sai bango ya fara bayyana, sannan ginshiƙai. Daga bisani ya ɗaga kai ya ga bakan gizo sun taso daga jikin bango sun haɗu can sama. Baƙo yakan ɗauka cewa maginan da sun kasa shigar da haske ne. Wannan takarda za ta nuna cewa suna sane da abin da suke yi. Tsarinsu shi ne a shigo da haske kaɗan, a ajiye shi inda ake bukatarsa, sannan a bar bango da rufi su rarraba shi. Za a bi tarihin wannan tsari tun daga zamanin fitilar man gyaɗa har zuwan lantarki, a kuma leƙa ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sudan don kwatantawa. Tun da ɗaliban harshe ake yi wa bayani, za a riƙa tsayawa a kan wasu kalmomi na wannan fanni.

2.0 Yadda Rufin Soro Ya Yi Tsawo

Maginin gargajiya da abubuwa biyu yake aiki: ƙasa da azara. Da ƙasa ake yin tubali, a shanya shi a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa har bango ya tashi. Azara kuwa itacen giginya ce da aka tsaga. Tana da ƙarfi, kuma gara ba ta cinta da sauƙi. Sai dai tana da iyaka. Idan aka gitta ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata ƙasar rufi, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba. Saboda haka duk mai son ɗaki mai faɗi, ko dai ya cika shi da ginshiƙai, ko ya nemi wata dabara.

Dabarar da magina suka samo ita ce bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango ta ɗan karkato ciki, a ɗaura mata wata da igiya ta ƙara karkatowa, a bi su da ƙasa. Idan ta bushe a ƙara wata, har ƙafar da ta taso daga wannan bango ta haɗu da 'yar'uwarta da ta taso daga wancan. In aka gitta baka biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, shi ake kira ɗaurin guga, domin ya yi kama da itatuwan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. Tudun da rufin yake yi in an hango shi daga waje kuma shi ne tulluwa. Da wannan dabara aka sami ɗakin da ya ninka faɗin azara sau uku ko fiye, amma dole rufinsa ya yi sama sosai, don baka ba ya lanƙwasa sai da tsawo.

Sarakuna da masallatai ne suka fi cin moriyar irin wannan gini. Fadar Kano, wato Gidan Rumfa, ta samo asali ne daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ko da yake an sha sabunta sorayenta. A shekarar 1824 Baturen nan Clapperton ya tarar ana gina masallaci a Sakkwato, kuma maginin da ke shugabantar aikin mutumin Zazzau ne. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846) Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ginin da masana suka ɗauka a matsayin ƙololuwar wannan sana'a. A shekarar 1851 kuma Bajamushe Heinrich Barth ya gana da Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, ya kuma bayyana soron da aka karɓe shi a matsayin mai dogon rufi, wanda manyan baka biyu masu sulɓi da ado suke ɗauke da shi.

3.0 Hasken Rana

Matsalar farko ita ce ta rana. Soron ƙasa bangonsa ne yake ɗauke da nauyin rufi, kuma a jikin bangon ƙafafun baka suke tsaye. Duk babbar kafar da aka huda tana rage masa ƙarfi. Ban da wannan, babbar taga tana shigo da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da feshin ruwan damina wanda yake cin ƙasa. Ga kuma al'adar sirri, wadda ba ta son mai wucewa ya leƙa cikin gida. Waɗannan dalilai suka sa tagar soro ta zama ƙarama, sau da yawa ba ta fi faɗin tafin hannu biyu ko uku ba, kuma can sama ake yinta kusa da rufi. Ita kanta kalmar taga masana suna danganta ta da wata kalmar Larabci mai ma'anar kafa a jikin bango.

Ɗaga taga sama yana da amfani biyu. Na farko, hasken da ya shigo ta sama yakan yi nisa cikin ɗaki fiye da wanda ya shigo ta ƙasa, kuma yakan fara sauka ne a kan lanƙwasar rufi, ita kuma ta watsa shi ko'ina a hankali. Na biyu, iska mai zafi sama take tafiya, saboda haka ta wannan kafa take ficewa, tare da hayaƙi in akwai shi. Sauran hasken kuma ta ƙofa yake shigowa, ya bugi daɓe ya tashi.

Da yake hasken kaɗan ne, sai aka nemi hanyar da za a riɓanya shi. Jar ƙasa shanye haske take yi, fari kuwa mayar da shi yake yi. Don haka ake shafe cikin soro da farar ƙasa, wani lokaci kuma a yi shafen da ƙasa mai ƙyalli, a goge ta har ta yi santsi. A tsakiyar ɗaurin guga, inda bakan suka haɗu, akan manna farantin tagulla ko kwanon sha mai sheƙi, wani maginin ma yakan jera ƙananan farantai a tsakanin bakan. Ado ne, amma kuma shi ne wurin da ya fi nisa da ido, kuma da ɗan haske ya taɓa farantin sai ya yi walƙiya, mai kallo ya gane iyakar tsawon ɗakin.

A nan ya kamata a lura da zanen da ake yi a jikin bango da ginshiƙai. Yawancinsa tudu da kwari ne da aka fitar da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Irin wannan zane inuwa ce take fito da shi. Idan haske ya zo masa daga gefe, kowane tudu sai ya jefa inuwarsa cikin kwarin da ke kusa, zanen ya fito raɗau. Ƙaramar taga da ƙofa guda ɗaya irin wannan haske suke bayarwa. Ashe ke nan duhun da baƙo yake kuka da shi yana cikin abin da ya sa adon ya yi kyau.

4.0 Hasken Dare

Kafin zuwan Turawa, fitilar Bahaushe ɗan kasko ne na yumɓu ko na ƙarfe, a zuba masa man gyaɗa ko man kaɗanya, a murza auduga ko tsumma a yi lagwani, a jingina shi a bakin kaskon a kunna. Kalmar fitila daga Larabci aka aro ta, inda take nufin lagwanin kansa, sai Hausa ta faɗaɗa ma'anarta ta game abin gaba ɗaya. Hasken irin wannan fitila bai wuce na kyandir ba.

Wurin ajiye ta shi ne alkuki, wato ɗan gurbin da magini yake bari a jikin bango daidai ƙirjin mutum ko ƙasa da haka. Ba a rataye fitila a tsakiyar rufi, kuma akwai hujja. Haske yana raguwa da sauri in ya yi nisa: idan aka ninka tazara sau biyu, abin da zai iso kashi ɗaya ne cikin huɗu. Fitilar da ke haskaka allo daga mita ɗaya, in aka ɗaga ta mita shida, abin da zai iso allon kashi ɗaya ne cikin 36. Mutanen da ba su rubuta wannan lissafi ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ga shi kuma a ƙasa ake zama, bisa tabarma ko buzu ko kilishi, don haka a ƙasa ake bukatar haske. Alkuki yana kare harshen wuta daga iska, bayansa da aka shafa wa farar ƙasa yana turo hasken gaba, kuma hannu yana kaiwa gare shi in za a ƙara mai ko a gyara lagwani.

Rayuwar lokacin ma ba ta bukaci a cika soro da haske ba. Zaman fada da shari'a da rana ake yinsu. Sallar Isha'i da ta Asuba da ka ake karatunsu, abin da ake so kawai shi ne mutum ya ga sahu. Malamin da zai yi nazari da dare yakan jawo fitila kusa da littafinsa. Almajirai kuwa a fili suke hura wutar kara su kewaye ta da allunansu. Saman soro yakan kwana cikin duhu, sai dai ɗan ƙyallin faranti, kuma wannan yana ƙara wa wurin kwarjini.

5.0 Zuwan Kananzir da Lantarki

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma da shi kayan kanti suka yawaita, ciki har da ashana da kananzir da fitilar ƙwai. A garwa ake kawo kananzir, kuma idan ta ƙare sai a mayar da ita abin ɗiban ruwa, daga nan aka sami sunan 'yan garuwa. Maƙeran fari kuma suka riƙa mayar da gwangwanin madara aci-bal-bal, wadda ta zama fitilar talaka da masu tallar dare. Masu hali suka sayi fitilar gas da ake yi wa famfo, wadda haskenta ya ninka na fitilar ƙwai nesa ba kusa ba. Kalmomin kananzir da kyandir da lantarki duk daga Turanci Hausa ta aro su, kamar yadda ta aro fitila daga Larabci tun da farko. Wato tarihin haske a ƙasar Hausa yana nan kwance a cikin kalmomin aro.

Kananzir bai sauya tsarin soro ba, domin fitilar ƙwai ma a alkuki ko a ƙasa ake ajiye ta. Illarsa ita ce hayaƙi. Aci-bal-bal tana tara kunkunniya a saman alkuki da jikin rufi, kuma bangon da ya yi baƙi ya daina mayar da haske, sai an sake shafa masa farar ƙasa.

Lantarki ne ya kawo babban sauyi. A shekarar 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1926-1953), Hukumar En'e ta buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na birnin Kano. A zamaninsa ne kuma aka yi Soron Ingila a fadar, wanda ya nuna cewa har lokacin bakan gizo yana da daraja. Bayan an gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kuma kafa hukumar NEPA a 1972, wuta ta bazu cikin birane da manyan garuruwa.

Mai haɗa wuta da ya shiga tsohon soro yakan zo da ƙa'idar da ya koya a ɗakin siminti: ƙwai ɗaya a tsakiyar rufi. Sai ya bi bango da waya yana kafa ƙusa, ya hau har tsakiyar ɗaurin guga ya rataye ƙwan, wani lokaci ma a daidai gurbin faranti. Daga baya aka ƙara dogon ƙwai mai farin haske da fanka. Ɗakin ya yi haske, babu shakka, amma an yi hasarar abubuwa uku. Hasken da ke sauka daga sama kai tsaye yana kashe inuwa, sai zanen bango ya koma kamar shafe. Ƙwan da ke reto a tsakiya yana kashe ido, mai ɗaga kai ba ya ganin bakan da ke bayansa. Sannan kowace huda da aka yi a jikin ƙasa rauni ce, balle a ce an rataya mata fanka mai nauyi da jijjiga. Alkuki kuwa ya koma ma'ajiyar makulli da kwalabe, har yara da yawa a yau ba su san sunansa ba.

A lokaci guda kuma kwano da siminti da silin suka sa aka daina bukatar baka. Ɗaki mai gajeren rufi ƙwai ɗaya ya ishe shi, sai dai in an ɗauke wuta da rana tsaka zafinsa ba ya zaunuwa, alhali tsohon soro yana nan da sanyinsa.

6.0 Hausawan Gabas: Kwatanci Daga Sudan

Domin a gane cewa wannan tsari na ajiye haske a ƙasa bai tsaya ga sorayen sarakuna ba, yana da kyau a bi sawun Hausawa da Fulanin da suka bar waɗannan soraye suka yi gabas. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Kogin Nilu. A nan aka kafa garin Mai Wurno, kudu da Sannar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai mahajjata da 'yan ci-rani daga ƙasar Hausa suka ƙaru, suka kafa ƙauyuka da unguwanni a yankin.

Gidajen karkarar Jazira da bakin kogin galibi iri biyu ne: ɗakin ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi, da ɗakin ciyawa mai tsini. Shi ɗakin ciyawa ma dogon rufi gare shi, kuma a cikinsa ɗaga fitila sama neman gobara ne, saboda haka a ƙasa take zama. Gini mai tulluwa da ya fi yawa a wannan ƙasa shi ne ƙubba, wadda ake ginawa da jan bulo a kan kabarin shehi, irin waɗanda ke Abu Haraz kusa da Wad Madani. Ita ma ƙananan kafofi ne suke shigar mata da haske, cikinta yana da duhu da sanyi kamar soro. A makarantun allo na Sudan, waɗanda suke kira halwa, akwai wutar karatu da ake ce wa tugaba, wadda almajirai suke kewayewa da dare da kuma kafin asuba. Bahaushen da ya taso a tsangaya bai ga baƙon abu a nan ba.

Lantarki a can ma daga baya ya zo. Don ban-ruwa aka gina madatsar Sannar, sai a 1962 aka ƙara mata injinan ba da wuta. Madatsar Rusairis kuma an gama ta a 1966. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya shafi jihohin Jazira da Sannar, ya raba jama'a da yawa da gidajensu, ya kuma lalata hanyoyin wuta a wurare da dama. Ɗakin da aka gina shi yadda zai zaunu ko babu lantarki, a irin wannan lokaci ake sanin darajarsa.

7.0 Kammalawa

Sorayen da aka yi bayaninsu suna ƙarewa. An rushe tsohon masallacin ƙasa na Kano aka gina sabo a farkon shekarun 1950. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ɗakin salla na Masallacin Zariya da ginin zamani, ya koma ɗaki a cikin ɗaki. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu. Abin da ya rage mana na cikakkiyar siffarsa ta asali shi ne awon da Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi masa, da kwafinsa da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, da nazarce-nazarce irin na Hamman Tukur Saad (1981) da J. C. Moughtin (1985). Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Madaki na Kafin Madaki a Jihar Bauchi, suna cikin wuraren da ɗalibi zai iya zuwa ya ga irin wannan gini da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Wani abin lura shi ne, fitilun zamani masu aiki da batir ko hasken rana sun fi tsohon ƙwan lantarki dacewa da soro. Ƙanana ne, ba su da nauyi, ba su hayaƙi, zafinsu kaɗan ne, kuma ba sai an bi bango da waya mai yawa ba. Idan aka ajiye irinsu a alkuki, ko a gindin ƙafar baka aka fuskantar da su sama, farin rufi zai dawo da hasken ƙasa a hankali, zane ya sami inuwarsa, faranti ya yi ƙyallinsa, ba tare da an huda ɗaurin guga ba. Wannan shi ne tsarin maginan da, sai dai an sauya man gyaɗa da batir.

Ɗalibin harshe yana da nasa aikin a nan. Kalmomi irin su alkuki da lagwani da kunkunniya da tulluwa da ɗaurin guga suna raye ne a bakin tsofaffin magina da dattawan da suka yi karatu da aci-bal-bal, a Zariya da Kano da Mai Wurno. Ya kamata a je a same su, a tambaye su inda ake ajiye fitila da dalilin ajiye ta a nan, a rubuta amsarsu yadda suka faɗe ta, tun suna da rai.